Da Sunana Aka Zubar da Su

Ban ko ajiye jakata ba wayar ofis ta fara ƙara. Ta teburin Manaja ma ta ɗauki ƙara. Babban allon da ke jikin bango, wanda kullum yake kore shar, ya yi jajir kamar garwashi. Duk odar da ta shigo sai ta tsaya cak, ta ƙi wucewa.

"'Yar Lungu, zo ki gani," in ji Injiniya. Ko gaisuwata bai amsa ba.

Bari in ɗan tsaya saboda waɗanda suka tsinci labarina daga tsakiya. Ni ce auta a gidanmu, ni ce kuma mace tilo cikin masu rubuta manhaja a kamfaninmu. Teburina yana can ƙurya, tsakanin na'urar buga takardu da wata taga da ba ta buɗuwa, shi ya sa suka sa min 'Yar Lungu. Aikinmu ba shi da wuyar faɗa: kantunan magani su shiga shafinmu na intanet su yi oda, mu tura wa babban ɗakin ajiya, su loda a mota su kai musu. Injiniya shi ne shugaban sashenmu. Shi ne kuma mutumin da Baba ya ce a ranar nan da yamma yake son jin amsata a kan neman aurena da yake yi, a gaban shi Injiniyan.

Na ja kujera na duba abin da kwamfutar ke kuka da shi. Kallo ɗaya na gane.

Kwamfutar ɗakin ajiya tsohuwa ce, ba ta jin kowane yare sai wanda ake kira XML. A yaren nan kowane kaya sai an sa shi cikin ambulan, a rubuta sunansa a baya, adadinsa a ciki. Amma sunan ambulan yana da doka: ba ya farawa da lamba, ba ya ɗaukar alamar kashi cikin ɗari. Idan ambulan ɗaya ta karya doka, duk jakar ce ake jefowa waje. Shekara da shekaru muna zaman lafiya, don kayan kantuna da harafi suke farawa. Sai a ƙarshen mako Injiniya ya buɗe sabon shafi na ƙananan asibitoci. Su kuwa kayansu su 5% Glucose ne, ruwan nan da ake ƙara wa mara lafiya, da sirinji masu farawa da lambar girmansu.

"Kaɗan ne masu rigimar," ya ce, yana gyara hannun farar rigarsa. Ƙamshin turarensa ya cika lungun. "Duk sunan da ya ƙi shiga, ki tsallake shi, sauran su wuce. Layi ɗaya ne za ki rubuta."

"In na tsallake shi ina zai je?"

"Babu inda zai je."

"Mai asibiti kuma shafin zai ce masa an karɓi odarsa."

"An karɓa mana. Mafi yawanta."

Na ɗago na kalle shi ko wasa yake. Ba wasa yake ba.

Na ce, "Akwai hanya mai kyau, kai ma ka san ta. Mu ba kowace ambulan suna ɗaya mai lafiya, mu ce mata kaya kawai, sunan maganin mu rubuta shi a ciki yadda yake. Sai dai dole mai kula da kwamfutar ɗakin ajiya ya gyara nasa ɓangaren. Kafin mu same shi, duk odar da ke da irin sunan nan mu mayar da ita, mu ce wa mai ita ya bugo waya."

"Allon kuma ya zauna ja?"

"Na ɗan lokaci."

"Manaja yana hanya da baƙi. Allon nan zai nuna musu." Ya sunkuyo, ya rage murya yadda samarin ofis ba za su ji ba. "Ke da za ki zama matata, ba za ki rufa min asiri na rabin yini ba?"

Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta taɓa ni.

Ku da kuke tambayata a ƙarƙashin labari wai ina son sa ko ba na son sa, ga gaskiyar. A gidanmu babu wanda ya san abin da nake yi. Idan maƙwabta suka tambayi Mama sai ta ce, "Tana danna kwamfuta." Ƙawayena duk sun yi aure, dandalinmu na waya ya koma hotunan jarirai da labarin haƙoran farko, ni kuwa sai in rubuta abu in goge. A ofis idan samari suka fita cin abinci ba sa tuna akwai mutum a bayan na'urar buga takardu. A teburina nake buɗe kwanona, ina ci ina kallon tagar da ba ta buɗuwa. Sai wata rana Injiniya ya tsaya a bayana, ya karanta abin da nake rubutawa har ƙasa, ya ce, "Rubutun nan akwai tsafta." Da maganar nan na koma gida, da ita na kwana, da ita na tashi. Shi ne mutum na farko da ya ga aikina ya san me yake gani. Ko wannan ake kira so, ban sani ba. Na dai san idan yana kusa ba na jin kamar ni kaɗai ke jin yarena a duniya.

Duk da haka na ce, "Ba zan tsallake maganin mutane ba. Ka ba ni lokaci, zan yi mai kyau."

Ya miƙe, ya yi murmushin nan nasa da Mama ke cewa na masu tarbiyya ne. "Shi ke nan, ranki ya daɗe."

Na fara aiki. Na kira mai kwamfutar ɗakin ajiya, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ina cikin sake kira saƙon Mama ya shigo.

"Auta kar ki makara. Na goge miki doguwar rigar nan mai ruwan zuma, da mayafinta. Ban da baƙin takalmin ofis ɗin nan naki."

Bayansa na Yaya, babbar yayata, da murya: "Ke 'yar boko, yau dai za a yi ta ta ƙare. Mota, ladabi, aiki, ga tsayi. Ni lokacin da aka zo neman aurena ko ɗaya ban samu ba sai tsayin. In kin yi wauta ni da kaina zan zane ki."

Na kife wayar.

Ana haka Manaja ya shigo da baƙinsa cikin kwat, suka wuce ɗakin taro kai tsaye, ba su bi ta gaban allon ba tukuna. Injiniya ya leƙo lunguna.

"Mai shayi bai zo ba yau. Taimaka ki haɗa musu, kin fi mu iya jera kofuna."

Ba wannan ne karo na farko ba. Duk ranar da aka yi baƙi sai a tuna akwai mace a ofis. Na tashi na nufi kicin, na bar kwamfutata a buɗe. Kar ku ce na yi sakaci, haka muke yi. A ofishinmu ba a kulle kwamfuta. Wanda ya kulle tasa don zai shiga banɗaki sai samari su ce, "Af, ashe ɓarayi muke zaune da su ba mu sani ba," a yi ta masa tsiya har a tashi. Amma akwai wani abu da kowa ya sani: duk gyaran da aka yi wa manhaja, sunan mai kwamfutar da aka yi shi a kai ne ke manne a jikinsa har abada.

Butar ta ɗauki lokaci kafin ta tafasa. Na wanke kofuna, na nemo sukari a bayan kwalaye, na jera biskit a faranti. Lokacin da na fito da tire, Manaja da baƙinsa suna tsaye a gaban allo.

Allon kore ne shar.

"Ga ta nan," in ji Manaja. "Injiniya ya ce mun ɗan samu tangarɗa da safe, ita ta warware ta. Madalla da ke."

Baƙin suka juyo. Ɗayansu, wani dattijo mai farin gashi, ya karɓi tiren daga hannuna da kansa ya ajiye, ya ce irina ake nema. Samarin ofis har da tafi. Tunda na fara aiki ba a taɓa faɗar alherina a gaban mutane ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce wa zuciyata wataƙila Injiniya ya samu mai kwamfutar ɗakin ajiya ta wata lambar, sun ƙarasa abin da na fara. Manaja ya ce in zauna a taron, na zauna. Aka yi ta bayani, aka kawo abinci, aka ci da ni a teburi ɗaya. Injiniya yana can ɗaya gefen, duk lokacin da muka haɗa ido sai ya ɗaga min gira.

Sai bayan azahar na koma lunguna. Na buɗe tarihin gyare-gyare.

Layi ɗaya ne. Duk sunan da ya ƙi shiga, a tsallake shi. A gefensa ga sunana.

Na duba ko ya sa a ajiye abubuwan da aka tsallake a wani wuri, yadda za mu bi su daga baya. Bai sa ba. Tun safe duk ruwan ƙari da sirinjin da aka yi oda sun bi iska, babu alamar sun taɓa shigowa. Kowane mai asibiti ya ga an rubuta masa an karɓi odarsa, ya koma bakin aikinsa hankali kwance. Motocin ɗakin ajiya kuwa tun tsakar rana suke tashi.

A matakala na same shi, yana amsa waya yana dariya. Da ya ga fuskata ya katse.

"Kin gani ke nan."

"Me ya sa?"

"Kyauta na yi miki. Kin ga yadda Manaja ya kalle ki yau? Shekara nawa kina lungun nan ba wanda ya san da ke?"

"Me ya sa ba ka yi a kwamfutarka ba?"

"Taki ce a buɗe a kan shafin."

"Taka ma a buɗe take."

Ya dubi agogonsa, ya goge gilashinsa da babban yatsa.

"Gobe za mu zauna mu yi mai kyau ɗin naki," ya ce. "Ba wanda zai mutu don ledar ruwa ta yi lattin kwana ɗaya."

"Ba latti za ta yi ba. Ba za ta zo ba, su kuma ba su sani ba. Da sun sani da sun nema a wani wuri."

"Ke matsalarki ke nan, komai sai kin ɗauke shi da zafi." Ya sassauta murya. "Ni da ke ai ɗaya ne. Sunanki, sunana, nan da ɗan lokaci gida ɗaya za su kwana."

Na tsaya ina kallon bakinsa. Da a ce bai iya aikin ba ne, da sauƙi. Ya iya, ya fi ni iyawa. Ya san abin da layin nan zai yi, shi ya sa ya zaɓi inda zai rubuta shi.

Na koma teburina na cire layin. Na sa duk odar da ke ɗauke da irin sunan nan ta koma wa mai ita da saƙo a fili: ba ta shiga ba, a bugo mana waya. Nan take allon ya fara fitar da jajayen ɗigo. Samari suka ɗago kai.

"'Yar Lungu, me kika taɓa kuma?"

"Da ma na ce yabon nan ya yi wuri," wani ya ce, aka yi dariya.

Manaja ya riga ya fita da baƙinsa, wayarsa a kashe. Na rubuta masa saƙo cewa akwai kayan asibitoci da suka salwanta tun safe. Na rubuta sunan Injiniya a ciki, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. A ƙarshe na tura ba suna. Daga nan na ɗauki wayar ofis na fara kiran sababbin asibitocin ɗaya bayan ɗaya, ina roƙonsu su buɗe kwalin da aka kawo su duba. Wata ma'aikaciya ta zage ni tas. Wani ya gode. Wasu ba su ɗauka ba sam. Babu wanda ya zo ya ce in kawo ya taya ni kira. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki jakunkunansu suka fice, shi ma Injiniya ya wuce ta bayana ba tare da ya juyo ba. Yana fita saƙonsa ya shigo.

"Kin kunyata ni a gaban yarana. Ki yi tunani kafin in iso gidanku."

Na yi tunanin. A motar haya na yi shi, kaina jingine da gilashi, wata mata tana ta hira a waya a gefena tana dariya da wanda ban sani ba.

Da na isa gida na ɗauka gidan wasu na shiga. Mama ta cire mayafan kujeru, ta sauya labule, ta fito da kofunan gilashin nan masu bakin zinariya waɗanda ko kallonsu muka yi muna yara sai an dake mu. Falo sai ƙamshi. Yaya ta zo da jaririnta, tana zaune a ƙasa tana yanka kankana. Baba yana kujerarsa ta kusa da taga, tabarau a hanci, rediyo a cinya a kashe.

"Sai yanzu? Dubi idonta kamar wadda ta kwana a tasha," in ji Mama. "Maza ki watsa ruwa."

Na watsa. Na sa rigar mai ruwan zuma, mai ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu. Yaya ta shigo ta zaunar da ni, ta shafa min hoda, ta ja min kwalli, ta ɗaura min agogonta don wai nawa na maza ne. A madubi na ga wata kyakkyawar yarinya da ban sani ba. Na so in gaya wa Yaya. Na buɗe baki, sai jaririn ya yi kuka, ta fita da gudu.

Da na fito Baba ya cire tabarau.

"Zauna, Auta. Kafin ya iso ina son in ji daga bakinki, kar in yi magana a gaban baƙo in ji kunya."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, ba zan iya ba."

Wuƙar Yaya ta tsaya a cikin kankana. Mama ta ajiye jug ɗin da ke hannunta a hankali.

"Ba za ki iya me ba?"

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na fara da ambulan, da sunayen da ba sa farawa da lamba, da ruwan asibiti. Ina magana ina ganin maganar tana zamewa daga fuskokinsu kamar ruwa a bayan agwagwa.

"Tsaya," in ji Mama. "A kan kwamfuta? A kan kwamfuta za ki ƙi miji?"

"Ba kwamfuta ba ce, Mama. Da sunana ya yi abin da ya san ba daidai ba ne."

"Ya ce ke kika yi aiki aka yabe ki, shi ne laifin? Ni shekara nawa ina dafa abinci babanku bai taɓa cewa ni na dafa ba."

"To kwamfutar ta aure ki mana," in ji Yaya. "Mu ga ko za ta kai ki asibiti ranar haihuwa."

Baba ya ɗaga hannu, suka yi shiru. Ya daɗe yana juya tabarau.

"Mutum ba ya rasa kuskure, Auta. Yaron nan tunda yake zuwa gidan nan ban taɓa ganin ya ɗaga ido ya kalle ni ba. Bari ya zo. Idan ya ba ki haƙuri a gabana, magana ta wuce."

Ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Na dubi duwatsun hannun rigata, na ji muryata ta fito ƙarama amma ba ta rawa.

"Ko ya ba ni haƙuri, Baba, amsata ke nan."

Mama ta juya min baya tana gyara kofunan da ba su karkace ba. Yaya ta ɗauki ɗanta ta rungume. Muna falo ɗaya, amma ko a lunguna na ofis ban taɓa jin na yi nisa da mutane haka ba.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar gida.

Mama ta juyo da sauri, ta gyara min mayafi da ƙarfi har ya shaƙe ni. "Tashi ki buɗe masa. Kuma ki saki fuskar nan. Duk abin da za ki ce, ki bari ya sha ruwa tukuna."

Na ratsa tsakar gida, takalmin da ta zaɓa min yana matse min yatsu. Na shirya maganar da zan faɗa masa tun a ƙofa. Na zare sakata.

Ba shi ba ne.

Wani mutum ne dogo, siriri, cikin farar rigar asibiti da ta yamutse, idanunsa jajur. Ya rungumo kwalin kamfaninmu a buɗe. Babu turare a jikinsa sai warin maganin wanke hannu. Ya dubi kwalliyata daga sama har ƙasa, sannan ya dubi lambar gidan.

"Ke ce mai aiki a kamfanin odar magani?"

Na gyaɗa kai.

"Ni ne mai ƙaramin asibitin da ke bayan tashar mota. Na je ofishinku na tarar an tashi. Na kira shugaban sashenku, ya ce sunanki ne a kan aikin. Shi ya yi min kwatancen gidan nan."

Na dafa ƙofa.

"Tun safe shafinku ya ce an karɓi odata," ya ci gaba, muryarsa ƙasa ƙasa. "Na jira mota. Da ta zo babu ruwan ƙari ko leda ɗaya. Kafin in samo a wani wuri, yarinyar da ke gadona ta galabaita, sai da aka wuce da ita babban asibiti. Danginta suna ƙofar asibitina yanzu haka, sun ce ba za su tafi ba sai an nuna musu wanda ya yi. Da ke zan yi magana, ko da mahaifinki?"

Daga cikin falo muryar Mama ta taso, mai daɗi, irin wadda take ajiyewa don baƙi.

"Auta, kin bar shi a tsaye? Ce masa ya shigo mana, ai ɗan gida ne."